Yadda Ake Sauya Wa Maɓallan Vim Aiki Ta Fayil Ɗin .vimrc

Vim, manhajar rubutun da Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ba ta riƙe saitin da ka yi mata da hannu. Da zarar ka rufe ta, ta manta. Abin da kake so ya zauna sai ka rubuta shi a fayil ɗin .vimrc, wanda take karantawa layi bayan layi duk lokacin da aka buɗe ta.

Kafin komai, kada ka kwafo na wani. Na taɓa ɗauko wani mai ɗaruruwan layuka daga intanet, na kwana biyu ina neman dalilin da ya sa maɓallin s ya daina aikinsa, ashe mai fayil ɗin ne ya ba shi wani aikin da shi kaɗai ya san amfaninsa. Fara da fayil wayam, ka riƙa ƙara layi sai in wani abu ya ishe ka da maimaitawa.

Mataki na farko: buɗe fayil ɗin. A Linux da macOS rubuta vim ~/.vimrc. A Windows sunansa _vimrc, cikin foldar mai amfani. Masu Neovim, wata manhaja da aka gina daga Vim, nasu yana ~/.config/nvim/init.vim, kuma layukan da ke ƙasa za su yi aiki a can. Zuba waɗannan a sama:

set encoding=utf-8
scriptencoding utf-8
syntax on
filetype plugin indent on
set number

Ajiye, sannan ka rubuta :source % don Vim ta sake karanta fayil ɗin ba sai ka fita ba. Idan lambobi sun bayyana a gefen layuka, komai ya hau.

Na biyu: zaɓi maɓallin jagora. Shi ne wanda za ka riƙa dannawa kafin gajerun hanyoyinka, don kada su yi karo da na Vim. Na asali shi ne \, amma ya yi wa yatsa nisa. Ni dogon maɓallin tazara nake ba wa wannan aiki, tunda babban yatsa yana kansa koyaushe:

let mapleader = " "

Wannan layin dole ya riga duk wata gajeriyar hanya da ta ambaci jagora. In ya zo daga baya, na samansa za su ci gaba da bin tsohon.

Na uku shi ne ainihin aikin. Tsarin kowane layi ɗaya ne: umarni, sai abin da za ka danna, sai abin da Vim za ta yi.

nnoremap <leader>w :w<CR>
nnoremap <leader>h :nohlsearch<CR>
inoremap jk <Esc>
vnoremap > >gv

Harafin farko na umarnin yana nuna yanayin da zai yi aiki: n na Normal (yanayin ba da umarni), i na Insert (yanayin rubutu), v na Visual (yanayin zaɓar rubutu). <CR> kuwa danna Enter ne. In ka manta shi, umarnin zai tsaya a ƙasan allo yana jiranka. Layi na uku na fi ƙauna. Esc yana can lungun sama, ga shi ana neman sa kowane minti, to jk a jere ya ɗauke wa hannu wannan zirga-zirga. Layi na huɗu kuma yana bari ka tura layuka gaba sau da yawa ba tare da zaɓin ya ɓace ba.

Za ka ga wasu suna rubuta nmap maimakon nnoremap. Bambancin ba ƙarami ba ne. Da nmap, Vim tana sake duba abin da ke ɓangaren dama ko shi ma an sauya masa aiki. A ce ka musanya ; da : don sauƙin shiga umarni. Daga nan duk layin nmap da ke da :w a ciki ya lalace, domin : ɗinsa ya koma ;. In kuma musanyar kanta da nmap ka yi ta, wannan ya tura wa wancan, wancan ya dawo da shi, har Vim ta tsaya da kuskuren E223. Da noremap, ɓangaren dama yana riƙe ma'anarsa ta asali ko me aka sauya a wani wuri.

Wani tarkon: kada ka sa bayani a ƙarshen layin gajeriyar hanya. Alamar " da ke buɗe bayani a sauran layuka, a nan Vim za ta ɗauke ta cikin abin da za ta danna maka. Sa bayanin a layinsa daban, a sama.

Da wannan dabarar ake samar da haruffan da babu su a kibod:

inoremap ;k ƙ
inoremap ;d ɗ
inoremap ;b ɓ

Za ka lura in ka danna ; ita kaɗai, Vim tana ɗan dakatawa ta ga ko k na tafe. Tana jiran sakan ɗaya ne, wato timeoutlen na 1000. Sa set timeoutlen=400 in jiran ya dame ka; ƙasa da haka sosai yatsa ba ya cim masa.

Na huɗu: saitin da ya dogara da irin fayil.

augroup saitina
  autocmd!
  autocmd FileType python setlocal shiftwidth=4 expandtab
  autocmd FileType markdown setlocal wrap linebreak
augroup END

Layin autocmd! yana share na baya kafin a sake ɗorawa. Ba don shi ba, duk :source da ka yi sai umarnin ya ninku. Kuma setlocal yana tsare saitin a wannan fayil kaɗai, ba ya malala zuwa sauran da ke buɗe.

Ranar da wani maɓalli ya yi abin da ba ka sa shi ba, rubuta :verbose nmap <leader>w, ka sauya ƙarshen da maɓallin da ake zargi. Vim za ta nuna aikin da ke kansa da fayil ɗin da ya ɗora masa shi a ƙarshe. In kana shakkar ko daga saitinka matsalar take, buɗe ta da vim -u NONE, wanda ke tsallake .vimrc gaba ɗaya, ka sake gwada maɓallin a can.