Yadda ake gane jabun kwandala kafin a biya kuɗinta

Jabun da ke damun masu tara tsofaffin kwandaloli iri biyu ne, kuma ba hanya ɗaya ake bi a kama su ba. Akwai wadda ƙarfenta ne na ƙarya, tagulla ko dalma aka yi wa ruwan azurfa ko na zinare. Akwai kuma wadda ƙarfenta lafiya lau yake, amma kwandalar ba ita ba ce: ko dai sabuwar ƙira ce, ko an taɓa shekararta don ta yi kama da wata mai wuyar samu. Ta farkon sikeli ke tona mata asiri, ta biyun kuwa sai ido da sani. Kowane gwaji da za a ambata a nan yana iya kayar da kwandala, amma babu guda ɗaya da zai wanke ta shi kaɗai, shi ya sa ake jera su, a fara da mai sauƙi.

Kafin ka taɓa kwandalar, nemi ainihin awonta ka rubuta a takarda. Kowace kwandala da gwamnati ta buga da inji tana da nauyi da faɗi sanannu. Dalar Morgan ta Amurka, wadda aka fara bugawa a 1878, giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Kurugaran, kwandalar zinare ta Afirka ta Kudu mai oza ɗaya, giram 33.93 ce. Fam ɗin zinare na Ingila bai kai giram 8 cif ba, 7.98 ne. In ba ka riƙe waɗannan lambobi ba, sikelin ma ba abin da zai gaya maka.

Sai awo. Kana buƙatar ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da abin auna faɗi da kauri irin na makanikai. Tsohuwar kwandala da ta sha hannu takan ɗan rage nauyi, wannan ba laifi ba ne. Amma wadda zanenta ke nan tsaf kamar jiya aka buga, sannan ta rasa giram biyu ko uku, mayar wa mai ita. Kada ka tsaya a nauyi kaɗai, domin a nan maƙerin jabu yake shiga tsaka mai wuya. Tagulla ba ta kai azurfa nauyi ba: in ya yi dalar Morgan da tagulla daidai girman ta asali, za ta tsaya wajen giram 23. In kuma ya nace sai ta kai 26.73, dole ya ƙara mata kauri ko faɗi. Auna ukun tare, nauyi da faɗi da kauri, jabun kasuwa da yawa a nan suke faɗuwa.

In kana son ƙarin tabbaci, yi gwajin ruwa. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure kwandalar da siririn zare, ka nutsar da ita duka ba tare da ta taɓa gindin kofin ko gefensa ba, ka karanta lambar da ta fito. Raba nauyinta na bushe da wannan lamba. Azurfa tsantsa takan ba da 10.49, mai kashi 90 kusan 10.3, tagulla 8.96, dalma 11.34, zinare tsantsa 19.3. Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne tangistin, ƙarfen da yake ba da 19.25. In aka lulluɓe shi da zinare, sikeli da ruwa duk suna iya wuce shi. Wannan gwaji na kwandalar da ba ta da wata tsada sosai ne, kuma a shanya ta da kyau bayan an gama, ba tare da gogewa ba.

Maganaɗisu ba ya kama zinare, ba ya kama azurfa. In ya manne, magana ta ƙare. Akwai misali sananne: a 1943 Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe saboda yaƙi ya cinye tagulla, sai 'yan ƙalilan suka fito da tagulla bisa kuskure, suka zama abin nema. 'Yan damfara sukan shafa wa na baƙin ƙarfen ruwan tagulla, maganaɗisu kuwa ɗauke shi yake yi nan take. Wasu kan jingina kwandalar azurfa su saki ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a kanta, su ga yana gangarowa a hankali. Gwajin yana da amfani, sai dai tagulla ma haka take jan masa birki, don haka kada ka dogara da shi. Haka batun amo: azurfa in ka ɗora ta a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa takan yi ƙara mai tsawo, dalma kuwa "tib" take yi. Ni dai ban cika son wannan ga kwandala mai daraja ba, ƙwarzane ɗaya ya isa ya rage mata kuɗi.

Yanzu ga inda aikin yake. Ɗauki gilashin ƙara girma mai ninki goma, ka zauna kusa da fitila guda ɗaya, kana juya kwandalar a hankali, riƙe da gefenta. Kwandalar gaske bugu ce, an matse ƙarfe tsakanin hatimai biyu da ƙarfin gaske, shi ya sa haruffanta suke tashi da kaifi daga shimfiɗa mai santsi. Ta zubi kuwa narkakken ƙarfe aka zuba a cikin mazubi, sai ka ga haruffan sun yi laɓo-laɓo kamar sabulun da ya kwana cikin ruwa, ga ƙananan ramuka da ƙuraje a fili inda iska ta maƙale. Juya ka duba gefe. Mai zubi yakan bar layin haɗi a zagaye, ko alamun zarto inda ya goge shi. Tsagin gefen kwandalar asali a jere yake, tazara ɗaya, zurfi ɗaya.

Jabun zamani masu kyau ma bugu ne, kuma da yawansu daga kwandalar gaske aka kwafi hatiminsu. Wannan kwafi yana da rauni guda: duk tabon da ke jikin ta asalin yana shiga cikin hatimin, ya fito a kan kowace jabu a wuri ɗaya. Tabon gaske yakan nuna ƙarfe mai sheƙi a cikinsa, na kwafi kuwa launinsa ɗaya da sauran fuskar. In ka ga kwandaloli biyu masu lotsa iri ɗaya a kumatu ɗaya, ba dace ba ne. Saboda haka ka riƙa ajiye hoton ta gaske mai girma a gefe kana kwatantawa harafi da harafi.

Shekara da alamar gidan bugu su ne wurin da aka fi yi wa tiyata, don ƙaramin harafi ɗaya yana ninka farashi sau ɗaruruwa. Kwabon Lincoln na Amurka na 1909 mai S (alamar gidan bugu na San Francisco) da VDB (haruffan sunan mai zanen) guda 484,000 kawai aka buga, sulen Mercury na 1916 mai D (alamar gidan bugu na Denver) kuwa 264,000. Sai a samo na gama-gari a liƙa masa harafin. Duba gindin harafin da kyau: akwai layin haɗi, ko canjin launi, ko wurin ya fi sauran sheƙi? Haka ake feƙe 8 ta kwabon 1948 ta koma 3, don ya yi kama da na tagullar 1943 ɗin nan mai wuyar samu. Wani lokaci kuma rashin harafin ne ke tona asiri. Francis Henning ya buga jabun kwandalar santi biyar a shekarun 1950, ya sa wa wasunsu 1944, ya manta cewa na wannan shekara duk suna da babban harafi a saman ginin da ke bayansu.

A kula, ba duk mai tsohuwar shekara da sabon jiki ce jabu ba. Dalar Mariya Tereza ta Ostiriya an ci gaba da buga ta a hukumance da shekarar 1780 har zamaninmu. Azurfarta ta gaske ce, laifin yana wuyan wanda ya sayar maka da ita a matsayin bugun 1780.

Kwandalolin Girka da Rum na dā sun fi wahala, domin da hannu aka buge su, babu biyu da suka yi daidai. Kuma an daɗe ana kwaikwayonsu: Carl Wilhelm Becker, Bajamushen da ya rasu a 1830, ya sassaƙa hatimai da suka ruɗi masana na zamaninsa. A wannan fanni, tarihin hannayen da kwandalar ta bi da amanar dillali sun fi gilashinka nauyi.

In kuɗin da yawa, kai ta ga masu tantancewa. Kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC na 1987, suna duba kwandala su rufe ta cikin ƙaramin akwatin roba mai lamba. Su ma akwatunan ana jabunsu, har da kwafar lambar gaske. Shigar da lambar a shafin kamfanin, kuma kada ka gamsu don ta fito. In akwai hoto, kwatanta tabo da tabo da wadda ke hannunka. Na'urar hasken da dillalai ke haska ƙarfe da ita fatar sama kawai take karantawa, ruwan zinare mai kauri yana iya ruɗinta.

Kada ka ɗiga wa kwandala asid, kada ka kankare ta, kada ka wanke ta don ka ga "cikinta". In ta gaske ce, ka lalata ta da hannunka. Kafin ka biya, nemi a rubuta maka cewa za a karɓe ta a mayar da kuɗi in ta fito jabu, ko bayan wane lokaci ne. Mai sayarwar da ya ce shi bai san kan abin ba, gado ya ci, kuma ba a dawowa da kaya, ga farashi rabin na kasuwa, ya riga ya ba ka amsa. A Amurka doka ta 1973 ta wajabta buga kalmar COPY a jikin kwaikwayo, amma masu niyyar cuta ba sa bugawa, wasu ma gogewa suke yi, don haka duba ko akwai wurin da aka cike ko aka daddale.

In ta tabbata jabu ce ta shigo hannunka kuma mayarwa ta gagara, kada ka tura wa wani. Sa ta a leda daban, ka rubuta "jabu" ɓaro-ɓaro da nauyinta da abin da ya tona ta, ka sanar da shafin ko gidan gwanjon da ka saya, ka kuma aika hotunanta ga ƙungiyar masu tara kwandala don su san irin hatimin da ke yawo.