Kurakuran da Matafiya Ke Yi Wajen Zaɓen Jakar Hannu, da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci ko ɗan kasuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya san inda hankalin matafiyi yake karkata. Manyan akwatuna ake yi wa hidima, a auna su a gida, a sake aunawa, a naɗe su da leda, a rubuta suna da babban baƙi. Jakar da mutum zai riƙe a jikinsa kuwa sai daren tafiya ake tunawa da ita, a ɗauko wadda ta samu, ko ta makarantar yara ko wadda aka raba a wajen wani taro. Alhali a cikinta ne fasfo da biza da katin rigakafin shawara da guzuri da waya suke. Idan akwati ya ɓata tafiya tana ci gaba, sai dai ɓacin rai da asarar kaya, amma idan wannan ƙaramar jaka ta salwanta a Jidda ko Dubai ko Guwanzu, tafiyar ta tsaya cik, sai zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da ƙaramin ofishin jakadanci domin neman takardar gaggawa ta komawa gida.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen jaka saboda girmanta. Mai saye yana ganin gara wadda za ta ci kaya da yawa, ya manta cewa yawancin kamfanonin jiragen da ke zuwa ƙasashenmu kilo 7 ko 8 suke yarda a shiga da shi cikin jirgi a kujerun gama-gari, kuma tsawon jakar bai kamata ya wuce kimanin santimita 55 ba. Jakar da ta zarce wannan ma'auni ana iya karɓe ta a bakin ƙofar jirgi a tura ta ɗakin kaya, kuma a wannan gaggawar ne mutum yake miƙa ta da kuɗinsa da maganinsa a ciki. Gyaran abu ne mai sauƙi. A duba ma'aunin da kamfanin ya rubuta a jikin tikiti kafin a je kasuwa, a tafi da awon tela a aljihu, sannan a ɗaga jakar tun ba komai a cikinta, domin akwai wadda nauyinta kaɗai ya kusa kilo 2 kafin a sa mata ko allura.

Daga girma sai siffa. Jakar goyo tana raba nauyi a kafaɗu biyu, ta dace da mai ɗauke da kwamfuta ko mai doguwar jiran canjin jirgi a Adis Ababa ko Alƙahira, amma aibinta shi ne duk bakunanta suna bayan mai ita, inda idonsa ba ya kaiwa. Jakar rataya tana zama a gaba ƙarƙashin hannu, sai dai mutane suna ɓata amfaninta ta hanyar rataya ta a kafaɗa ɗaya, inda mai fizge a kan babur zai ɗauke ta cikin ƙiftawar ido. Daidai shi ne maratayin ya ƙetare ƙirji, jakar ta sauka a gaban ƙugu, a ɓangaren da ba ya kallon titi. Mai jakar goyo kuma, da zarar ya shiga cunkoso, a jirgin ƙasa na cikin gari ne ko a layin shige da fice, sai ya juyo da ita gaba ya rungume. A ganina wanda zai yi tafiyar kasuwanci ya fi dacewa da jakar goyo matsakaiciya tare da ƙaramar ta rataya, wanda zai je Umra kuwa ƙaramar kaɗai ta ishe shi a yini, tunda masu tsaron ƙofofin Harami suna mayar da masu manyan jakunkuna.

Inda ya kamata a daɗe ana dubawa shi ne zif, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Mutane da yawa sun ɗauka idan sun saka ƙaramin kwaɗo a zif magana ta ƙare. Zif na roba irin wanda yake a yawancin jakunkuna, idan aka soka masa bakin biro a tsakiyar haƙoransa aka ja, buɗewa yake yi ba tare da an taɓa kwaɗon ba, sannan a zago da kawunan zif ɗin su sake rufe shi kamar ba a yi komai ba. Abin da yake hana wannan shi ne jakar da take da ƙugiya ko zobe a jikinta inda ake maƙale kawunan zif ɗin, ta yadda ba za su motsa daga wuri ɗaya ba. Ko da an farke, ɓarawon ba zai iya mayarwa ba, kuma ɗan sane ba ya son aikin da zai ɗauke shi lokaci. A shago, a ja zif ɗin sau goma zuwa da komowa, a lanƙwasa jakar a ga ko haƙoran suna rabuwa, a duba kan zif ɗin ko akwai tambarin YKK na ƙasar Japan, wanda aka san shi da ƙarko, ko da yake ana yin jabunsa. A kuma fifita jakar da babban aljihunta yake buɗewa ta ɓangaren da yake manne da bayan mutum. Wannan siffa guda ta fi tarin aljihunan waje amfani, domin aljihun waje wurin ajiye ruwa ne da hankici, bai cancanci fasfo ba.

Maratayi da ƙasan jaka su ma suna buƙatar ido. Masu yankan aljihu da reza suke aiki, kuma wurare biyu suke nufa, ko su tsinke maratayi ko su tsaga gindin jaka abin ciki ya zubo. Akwai kamfanoni irin su Pacsafe da Travelon da suke saka siririyar wayar ƙarfe a cikin maratayi da raga ta ƙarfe a cikin yadin, kuma ana gane hakan idan aka matsa gefen maratayin da yatsa. Wanda bai samu irin wannan ba, ko kuɗinsa bai kai ba, ya nemi mai faɗin maratayi da kaurin yadi, ya juya cikinta waje ya duba ɗinkin da ya haɗa maratayi da jiki, wanda ya kamata a ce an maimaita shi sau da yawa. Jakar gwanjo mai kyau daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sau da yawa ta fi sabuwa mai sheƙi wadda aka liƙa da gam, kuma baduku zai iya ƙara mata ɗinki da zoben maƙale zif a kan kuɗi kaɗan.

Akwai abin da ake tallatawa da yawa wanda bai kamata ya ruɗi mai saye ba, wato aljihun da aka ce yana hana na'ura karanta katin banki ko fasfo daga nesa. Ba shi da illa, amma bayanan da ke cikin fasfo na zamani ba sa buɗuwa sai an karanta layukan da ke ƙasan shafin hoto, saboda haka ƙara kuɗi mai yawa dominsa bai taka kara ya karya ba. Haka nan jaka mai babban tambari na tsada tana jawo idon da ba a so.

Ko jakar ta cika duk waɗannan sharuɗɗa, zuba komai a wuri ɗaya yana rushe amfaninta. Na taɓa tafiya da wata gwaggona wadda ta haɗa fasfo da riyal da dala da waya a cikin jaka guda, ta ajiye ta a gefenta a wani masallaci domin ta gyara mayafi, muka fito muka yi nisa kafin ta tuna. Allah Ya sa muka tarar da ita inda ta bar ta, amma har yau ina tuna yadda hannunta yake rawa tana buɗe zif tana ƙirga abin da ke ciki. Tun daga ranar muke raba kaya gida uku: kuɗin kashewa na yini a jaka, babban guzuri a lalita ƙarƙashin tufa, kwafin fasfo da biza kuma a akwati da cikin waya, tare da wani kwafin a hannun wani a gida. Ga maza masu harami, waɗanda ba su da aljihu ko ɗaya, bel mai aljihu shi ne madadin lalita. Mai ɗauke da kuɗi masu yawa kuma ya sani ɓoyewa daga ɓarawo daban, ɓoyewa daga hukuma daban: a Najeriya abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastan, a ƙasar Sin kuwa abin da ya haura dala 5,000.

Wajen binciken kaya ma ana yin kuskure saboda rashin tsara jaka. Ruwa ko turare ko man shafawa da kwalbarsa ta wuce mililita 100 ba ya wucewa a yawancin filayen jirgi, kuma an sha ƙwace turare mai tsada saboda haka. Fawa bank kuwa akasin haka ne, dole ya kasance a jakar hannu, an hana sa shi a akwatin da zai shiga ɗakin kaya saboda haɗarin gobara. Mai ƙarfin 20,000 mAh yana cikin abin da aka yarda da shi, amma ya zama rubutun ƙarfinsa yana karantuwa a jikinsa. Masu zuwa Sin su lura cewa tun ƙarshen watan Yuni na 2025 ba a barin fawa bank marar tambarin CCC, wato shaidar inganci ta hukumomin Sin, ya shiga jiragen cikin gida, abin da ya shafi duk wanda zai tashi daga Guwanzu zuwa Yiwu. Jakar da take da aljihu guda na waɗannan abubuwa tana sa a fito da su a mayar ba tare da an zazzage komai a gaban jama'a ba. Waya da agogo da walat kuma a zuba su cikin jakar a rufe kafin a ɗora ta a kan na'ura, kada a bar su tsirara a faranti.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne barin wani ya sa hannu a jaka, ko karɓar saƙon da ba a buɗe ba. Kunya da zumunci suna sa mu karɓi ƙullin magani ko na yaji daga wanda muka haɗu da shi a filin jirgi, alhali a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018 ba, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, wadda sai a ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta bayan binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ya wanke ta. Saboda haka a ware ƙaramin aljihu na ciki domin 'yan takardun nan masu lamba da ake liƙa wa a bayan katin shiga jirgi bayan an auna kaya. A ƙirga su tun a gaban ma'aikacin, a tabbatar yawansu ya yi daidai da yawan akwatunan da aka miƙa, a ɗauki hotonsu tare da hoton akwatunan, kuma kada a yar da su sai an dawo gida.