Yadda za a shirya ziyarar ƙauyen Nok daga Kaduna

Duk wanda ya nufi Nok yana zaton zai tarar da mutum-mutumin yumɓu jere a bakin hanya, zai dawo da ɓacin rai. Fitattun kawunan da suka ɗaga sunan ƙauyen suna gidajen tarihi na Jos da Legas da Kaduna, da yawa kuma an yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai. Don haka a fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu a cikin Kaduna, kwana ɗaya kafin tafiya, domin ido ya san abin da zai nema.

A tsaya a kalli fuskokin sosai. Idon aikin Nok mai kusurwa uku ne, ko kamar rabin wata, an huda ƙwayarsa. Sau da yawa hanci da baki da kunne ma a huje suke. Cikin mutum-mutumin holoƙo ne, an gina shi da murɗaɗɗen yumɓu hawa-hawa kamar yadda ake gina tukunya, kuma waɗannan ƙofofi suna barin tururi ya fita lokacin gashi, don kada ya fashe. Yumɓun na da tsakuwa a ciki, shi ya sa jikinsa ke da kaushi. A lura kuma da kitso da duwatsun ado na wuya da hannu, nan ne gwanintar take.

Labarin gano su daga haƙar kuza ya faro. A 1928 aka tono na farko a kusa da ƙauyen. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, wani kai da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doya yana korar ɓarna da shi. Fagg ya ga kamanninsa da na Nok, ya laƙaba wa al'adar baki ɗaya sunan ƙauyen, kuma shi ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, wanda aka fara a 2005, ya kai farkon wannan al'ada wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma nuna mutanen suna noman gero da wake, suna cin atili, har da alamar saƙar zuma a jikin tukwanensu.

Nok na cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi, hedikwatarta. Daga Kaduna ana bin hanyar Kachia zuwa Kwoi, daga nan a ɗauki ɗan acaɓa ko mota zuwa ƙauyen. A tashi bayan asuba, a cika tanki tun daga Kaduna, a riƙe tsabar kuɗi, domin sabis na yankewa kuma tura kuɗi ta waya kan maƙale. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi dacewa. Da damina ciyawa kan rufe hanyoyin dutse, duwatsun kuma su yi santsi.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. A Fabrairun 2017 an sace masu binciken Jamus biyu a Janjala, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawun maharan. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a daren da ya gabata, kada a dogara da labarin makon jiya. Wanda ba zai iya baro Kwoi kafin la'asar ba, gara ya kwana a can ko a Kafanchan.

Da isa, kada a zarce kan dutse. A fara gaida mai garin, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi ɗan rakiya, a daidaita ladansa tun kafin a tashi. Mutanen wurin Ham ne, harshensu Hyam, sarkinsu Kpop Ham yana zaune a Kwoi, kuma kusan kowa na jin Hausa. Akwai ƙaramin gidan tarihi a ƙauyen, sai duwatsun da ke kewaye da kogunan dutse waɗanda mutanen zamanin da suka fake a ciki. Wasu wuraren na al'ada ne, ɗan rakiya zai ce a tsaya, sai a tsaya. Hoton mutum, musamman mata a gona, sai da izini. Mai son ganin raye-raye ya auna tafiyarsa da bikin Tuk Ham da ake yi a Kwoi wajen lokacin Ista.

Inda baƙi suka fi faɗawa cikin matsala shi ne sayen kayan tarihi. Wani zai iya jan mutum gefe ya nuna masa kai a buhu. Kada a saya. Doka ta hana cinikinsu da fitar da su ba tare da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Yawancin abin da ke yawo ma jabu ne, ko ɓaraguzai daban-daban da aka manna aka shafe da ƙasa. Idan na gaske ne, to an tone shi ne ba bisa ƙa'ida ba, an watsar da gawayi da ƙasar da masana ke auna shekaru da su. Ko guntun kasko aka gani a gona, a bar shi a wurin, a shaida wa ma'aikacin gidan tarihi.

Tsarabar yankin citta ce. A zaɓi busasshiya da aka tsaga, a karya ɗaya: idan ta ɓalle da ƙara kuma babu baƙin tabo a ciki, ta bushe sosai. Wadda ta lanƙwashe da sauran danshi, za ta yi fumfuna a buhu.