Zuwa Kallon Giwa a Mole: Kurakuran da Mutanenmu Suka Ƙi Dainawa

Duk bayan Sallah sai ka ji wata ƙungiyar matasa a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ta haɗa kuɗi ta ɗauki bas, wai za a je gandun dajin Mole da ke arewacin Ghana kallon giwa. Bayan kwana biyu a dawo a gajiye, fuska duk ƙura, ka tambaya me aka gani a ce maka, "Babu komai a wurin, ciyawa ce kawai da gadu." Na gaji da jin wannan magana. Na daɗe ina kai mutane wannan daji daga Kumasi, kuma kusan duk wanda ya dawo yana ƙorafi, in ka bi diddigi, shi ya ɓata wa kansa tafiya tun kafin mota ta tashi daga tasha.

Babban kuskure, wanda ya fi cin kuɗina da mutuncina, shi ne raina lokaci. Mole ba gidan ajiye namun daji ba ne irin na Kejetia inda dabba take cikin keji tana jiran ka biya ka shiga. Daji ne da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, mafi girma a Ghana, an keɓe shi tun 1958 aka mai da shi gandun ƙasa a 1971. Dabbar da ke cikinsa tana da lokacin fitarta, kuma ba ta san kai baƙo ba ne da ya taso daga nesa. Fita da ƙafa tare da ma'aikacin gandu mai bindiga sau biyu ake yi a rana, ƙarfe 7 na safe da kuma 3:30 na yamma. Tsakanin waɗannan lokutan rana ce mai dukan ƙwaƙwalwa, maraya da gwanki da mazo duk sun shige inuwa sun lafe.

To ku lissafa hanya. Daga Kumasi sai Offinso, sai Techiman, sai Kintampo, ku haye gadar Buipe, ku kai mahaɗar Fufulso ku karya hagu, sai Damongo, sai Larabanga, sannan ƙofar gandu. Tafiyar wuni ce ga bas mai ɗauke da mutanen da kowa yake da uzurinsa. Wanda ya bar Kumasi da hantsi ya riga ya yi asarar fitar yamma.

Akwai shekarar da na ɗauki shatar bas na kwana biyu, aka yi alkawari ana sallame asuba za a tashi. Aka sallame, direba ya kunna mota, sai aka ce a jira wata Hajiya, waken da ta ɗora bai nuna ba. Na je na same ta na ce, "Hajiya, don Allah a bar shi, za mu sayi abinci a Techiman." Ta ce, "Haba ɗana, a fita da yaran mutane ba guzuri? Yanzun nan zan sauke." Yanzun nan ɗin ya kai mu hantsi. Muna isa Kintampo samari suka ce ba za a wuce ba sai an tsaya an ga ruwan da ke zubowa daga dutse, aka tsaya, aka yi wanka, aka yi hoto. Da duhu muka shiga Mole. Washegari ƙarfe 7 ma'aikacin gandu ya tsaya da bindigarsa yana jira, rabin jama'ata na barci, rabi na layin banɗaki. Wasu Turawa da suka kwana kusa da mu suka bi shi suka tafi, suka dawo suna nuna wa juna hoton toron giwa cikin tafki. Mu kuwa sai da rana ta take muka fito, muka zaga muka ga gadu da 'ya'yanta. Dole aka ƙara kwana, kuɗin bas na rana ta uku daga aljihuna ya fita, kuma waɗanda suka jawo jinkirin su ne suka fi kowa ɗaga murya a mayar musu da kuɗinsu.

Tun daga nan na kafa doka, wanda ya ga ta yi masa tsauri ya nemi wani jagoran. Kayan kowa a cikin mota suke kwana. Ana sallame asuba muke tashi, wanda bai iso ba ya biyo mu a motar haya da kuɗinsa. Sallar azahar da la'asar a haɗa su a yi ƙasaru, matafiya ne mu. Kintampo sai a hanyar dawowa. Kuma ba na yarda da kwana ɗaya: biyu ne mafi ƙaranci, don a samu fitar safe sau biyu, in an rasa yau a dace gobe.

Shi ma watan da aka zaɓa cikin lissafin lokaci yake. Mu a Kumasi mun saba da ruwa kusan ko yaushe, sai mu manta arewa damina ɗaya gare ta, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A lokacin ciyawa takan fi mutum tsayi, ruwa ya kwanta ko'ina, giwa ba ta da dalilin zuwa tafkin da ke ƙarƙashin tudun masauki. Daga Disamba zuwa Afrilu kuwa ƙananan mashaya sun ƙafe, kuma dabbar da ke shan fiye da lita 100 a rana dole ta zo inda ruwa ya rage. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin Maris ko Afrilu, wato tsakiyar lokaci mai kyau, sai dai zafi yakan kai digiri 40. Babbar Sallah kuwa tana zuwa daidai faɗuwar damina. Ni dai Janairu da Fabrairu na fi so, da sauran sanyin hunturu da safe.

Wasu ƙananan abubuwa, a taƙaice. Kada ka zo da silifas, ba za a bar ka ka shiga daji da su ba, ka nemi kambas ko wani takalmi rufaffe. Baƙar riga da shuɗiya ƙudan tsando suke jawowa, cizonsa kuwa ko ta cikin yadi yana ratsawa. Farar shadda ta Sallah a bar ta a gida. Turaren da ake jin ƙamshinsa daga bakin layi shi ma haka. Ka riƙe katin ɗan ƙasa, don kuɗin shiga na ɗan Ghana bai kai na baƙo ba. Ka riƙe tsabar sidi, kada ka dogara da momo, wato kuɗin cikin waya, kaɗai, sabis yakan ɗauke. Masauki a kama shi tun daga gida, musamman lokacin hutu.

Sai masu zuwa da jerin dabbobin da suka gani a talabijin. Ɗan'uwa, raƙumin dawa da jakin dawa ba sa Mole. Garken da kake gani yana tsallake kogi kada na kama su, wannan tsakanin Serengeti ta Tanzaniya ne da Masai Mara ta Kenya, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kuma kuɗinsa da dala ake lissafawa. Zaki a Mole, cire shi daga ranka. Damisa da kura suna nan amma dare ne nasu. Abin da za ka gani shi ne giwa, maraya, gwambaza, mazo, gadu, jan biri, gwaggon biri, kada, in ka yi sa'a ɓauna ko kanki, da tsuntsaye fiye da iri 300. Mai son dorina ya ƙarasa Wechiau a bakin kogin Baƙin Volta, wajen Wa.

Yanzu ga kuskure na biyu, wanda in na tuna har yau raina yake ɓaci: wasa da gwaggon biri. Mutanenmu suna ganinsa sai dariya, a fara jefa masa biredi da ayaba ana kiransa da sunan abokai. Wallahi ku daina. Wannan dabba tana da fiƙa masu tsayi, tana da ƙarfin da ba ku zata ba, kuma masu ba ta abinci ne suka koya mata cewa duk ledar da ke hannun ɗan Adam akwai abin ci a ciki. Tana buɗe ƙofar ɗakin da ba a kulle ba, tana shiga mota ta taga, tana ɗage murfin kula kamar yaron gida da ya san inda ake ɓoye nama.

Wani ƙanena ne ma'ajin tafiya a wata shekara. Kuɗin man dawowa da cikon kuɗin direba suna cikin ƙaramar jakarsa, shi kuma don wayo sai ya jefa jakar cikin baƙar leda tare da biredi da ƙosai, wai kada ɓarawo ya gane. Muna zaune da safe ana shan koko, ya ajiye ledar a gefensa yana ɗaukar birai hoto, har yana gutsura musu ƙosai. Na ce, "Kai, bar ba su." Ya ce, "Yaya, ai sadaka ce." Bai rufe baki ba wani ƙato ya zo ta bayansa ya fizge ledar ya gangara tudu da ita. Yaro ya tashi zai bi shi, wani ma'aikaci ya daka masa tsawa ya tsaya, don ƙarƙashin tudun nan hanyar giwa ce. Bayan wani lokaci aka samo jakar a yage, wasu takardun kuɗi a warwatse cikin ƙaya, sauran babu. Sai da na kira gida aka turo mini kuɗi a Damongo kafin muka sha mai. Tun daga ranar abinci a cikin ɗaki ake cinsa ƙofa a kulle, ko a cikin mota gilashi a rufe. Kuɗi a aljihun wando mai zif, ba a leda ba. Wanda na kama yana jefa wa biri abinci, ba zai fita yawon yamma ba, ko ɗan limami ne.

Wannan rainin ne dai ake kai wa giwa, kuma nan abin ya wuce asarar kuɗi. Giwayen da ke zuwa kusa da masauki sun saba ganin mutane, suna tafiya a natse, sai matasa su ɗauka shanun Fulani ne. Kowa ya juya mata baya ya ɗaga waya yana matsawa da baya da baya don ta fito sosai a hoto. Ka juya wa dabbar da ta kai tan biyar baya saboda Facebook? In ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, ta fara kaɗa shi, gargaɗi take yi. A cikin wannan ciyawa da ramuka ba za ka tsere mata ba. Uwa mai ɗa kuwa, wadda ta ɗauki cikinsa wata 22, ba ta da haƙuri ko kaɗan. Inda ma'aikacin gandu ya ce a tsaya, a tsaya. In ya ce a ja da baya, a ja a hankali, ba gudu ba ihu. Bindigar da ke kafaɗarsa ba ya fatan harba ta, kuma in wautarka ta sa aka kashe giwa, ka san abin da ka jawo. Haka bakin tafki: ruwan ya yi shiru ba ya nufin babu kada, kada wani ya ce zai yi alwala a wurin.

Surutu kuma, mu mutanen zango Allah ya hore mana shi. Sifika mai waƙa a bar ta a mota, waya a kashe mata ƙara, gardamar ƙwallon Kotoko da Hearts ta jira a dawo masauki. Rukuni ya zama ƙarami. Mutum talatin a layi ɗaya, kafin na ƙarshe ya iso maraya ta kai wani gari, don haka nakan raba jama'a gida uku ko huɗu, kowanne da ma'aikacinsa, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru. Dattawa da masu ciwon gwiwa a ɗaukar musu mota mai kujeru a sama, suna ma shiga daji da nisa fiye da masu ƙafa.

Gidan sauro da maganin shafawa kada a manta, zazzaɓin da ake kwasowa sai an dawo Kumasi da mako guda yake bayyana. Ruwan sha a ɗauki fiye da yadda ake zato, ledarsa kuma a mayar da ita aljihu.

Larabanga ku bar ta sai ranar dawowa, bayan fitar safe. Akwai tsohon masallaci na ginin ƙasa a can, mutanen garin suna danganta gininsa da shekarar 1421, kuma yana 'yan kilomita kaɗan daga ƙofar gandu. Ku gaida dattawan wurin, ku tambayi kuɗin ziyara kafin a fara zagayawa, mutum ɗaya ya biya a madadin kowa. Kada ku wuce ƙarfe 11 a can, don ku bar tsakanin Buipe da Kintampo da sauran rana. Manyan motocin kaya masu zuwa Burkina Faso ba sa barin hanyar nan dare da rana, kuma direbanku tun asuba yake a farke.