Yadda ake karrama shugaban fanfar bayan rasuwarsa

In shugaban fanfar, wato ƙungiyar masu busa ƙahonin tagulla da kaɗa ganga, ya rasu a Yamai, yaran ƙungiyarsa kan ƙosa su yi masa busa. A bari tukuna. Kwanakin zaman makoki na addu'a ne, taron tunawa kuma ya fi kyau bayan arba'in, in so samu ne bayan matarsa ta fita takaba, wata 4 da kwana 10.

Turompet ɗinsa (ƙahon tagulla da yake busawa), sandarsa ta jagorancin kiɗa da takardunsa duk gado ne. Babban ɗalibinsa ya je wajen magada ya nemi aro, a rubuta abin da aka ɗauka gaban shaidu biyu. Kayan da suke na ƙungiya a ware su a wannan zama, don nan rigima take tashi.

Sai wankin turompet, wanda bai kamata ya jira ba, domin yawun da ya kwana ciki yana cin tagulla, fistan kuma, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu, su kafe. A zare fistan uku, a duba lambar kowane, 1, 2, 3. In aka sauya musu gurbi iska ba za ta wuce ba. A jiƙa jikin minti 20 cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanoni. Ruwan zafi yana ɓare sheƙin jikinsa. Ƴan zobban ulun da ke saman fistan kada su ga ruwa. In ya bushe, ɗigo 3 na man fistan ya ishi kowane. Man gyaɗa kuwa daskarewa yake, ya kama ƙurar hunturu. In bakin busa ya maƙale, kada a sa awartaki, yana murɗe bututu, a kai wa mai gyara.

Takardun kiɗa a ɗauki hotonsu shafi-shafi da rana, don alamomin da ya yi da fensir su fito: wurin shan numfashi, wurin sassautawa. Salonsa nan yake. A adana su cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara. In magada sun amince, a miƙa kofi ga CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa da ke Yamai.

Ranar taro a fara bayan la'asar da addu'a, a gama kafin magariba. Kiɗa 5 ko 6 sun isa, leɓen mai busa yana gajiya. A buɗe da kiɗan da marigayin ya fi koyarwa, mai ganga ya ba da ƙirga, a bar wurin tsayuwar marigayin fanko. Daga kiɗa na biyu, wanda zai gaje shi ya karɓi sanda daga hannun babban ɗan marigayin.