Darasi na 7: In Injin Kwale-kwale Ya Ƙi Kawo Wuta

To 'yan uwa masunta, darasin yau na mai tsohon inji ne, irin Yamaha Enduro 15 ko 40 ɗin nan da suka cika bakin ruwa daga Maiurno da Sinnar har Kosti da Jabal Auliya. Ka fito da asuba za ka ɗaga taru, ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami inji ko tari bai yi ba, sai wani ya ce maka ai CDI ne, wato akwatin wutar inji, ya mutu je ka sayo. Don Allah kar ka yi saurin sayowa. Wallahi abin yana min ciwo in ga mutum ya zuba kuɗin kifin sati guda a akwatin wuta alhali laifin na wata 'yar waya ce.

Fara da igiyar kashe inji, jar nan da ake ɗaurawa a hannu. In maƙalinta bai zauna daidai ba wuta ba za ta zo ba ko ka kwana kana ja. Duba kuma giya tana firi.

Sai fulogi, wanda Larabawa ke ce wa buji. Kwance shi ka kalli bakinsa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa lafiya lau. In ya yi baƙi ya jiƙe da mai to ko baƙin mai ya yi yawa a fetur ko wutar ce ba ta ƙona shi. Awon da aka saba shi ne 50 da 1, wato tankin fetur lita 25 rabin lita na baƙin mai ke shiga, amma mutanenmu sai su ƙara wai don tausayin inji, shi ke toshe fulogi. Yanzu karanta rubutun jikinsa, nan karatunmu zai yi amfani. In ka ga NGK B7HS-10, wannan 10 ɗin na ƙarshe yana nufin tazarar bakin milimita 1 ce. Rubuta lambar a takarda ka tafi da ita kasuwa, kar ka yarda a ba ka na babur a ce duk ɗaya ne.

Gwajin wuta kuwa, mayar da fulogin cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka riƙe da filaya mai hannun roba, wani ya ja igiya. A matsar da tankin fetur nesa tukuna, a goge duk wanda ya zube. Wuta mai kyau shuɗiya ce tana ƙara tas tas, in ja ce ko rawaya mai rauni ba za ta iya tada inji ba. A inuwa ake dubawa, ranar Sudan ba ta bari ka ga komai. Kuma kar a ja igiya wayar fulogi tana lilo ba ta taɓa komai ba, hakan na iya ƙona CDI ɗin da kake gudun saye.

In babu wuta sam a duka silinda biyun, buɗe murfi ka nemo wayar makashin inji, a Yamaha fara ce. Cire ta ka sake gwadawa. In wuta ta dawo to makashin ne ruwa ya shiga ya yi tsatsa, gyaransa ba tsada. In silinda ɗaya ce kawai ba wuta kuma injinka mai kwayil biyu ne, wato abin nan da wayar fulogi ke fitowa daga jikinsa, musanya su, in matsalar ta bi kwayil ta koma ɗaya ɓangaren ka kama ɓarawo. Akwai kuma kwayil mai yaudara, da sanyi yana aiki, ka yi nisa cikin ruwa ya yi zafi ya ɗauke, ya huce ya dawo. Wannan canja shi kawai. Duk inda waya ta haɗu da jikin inji kwance ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, musamman ku na Bur Sudan da gishiri ke ci.

Wani lokaci kuma wuta tana nan shuɗiya amma inji sai harbi yake yana fizge igiya daga hannunka. Tuna ko farfela ta daki dutse ko kututture kwanan nan. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ke riƙe faifan nan mai nauyi na saman inji a mazauninsa, in ya karye wuta na zuwa ba a kan lokaci ba. Nan kam kai wa makaniki, cire faifan sai da abin cirewa nasa, kar ka sa guduma. Shi ma injin da ya tsufa sosai mai filatin ba CDI ba, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke haɗewa suna rabuwa don wuta ta zo, a ƙarƙashin faifan filatin ɗin yake, a tsofaffin Johnson da Evinrude tazararsa kamar rabin milimita ce.

In inji ya tashi kar ka bar shi yana aiki a tudu, ƙafarsa ta kasance cikin ruwa ko cikin duro, in ba haka ba robar famfon ruwa ta ƙone nan take.

Aikin gida: kowa ya kwance fuloginsa ya kwafo lambar jikinsa a littafi, ya rubuta launin bakinsa a ƙasa, mu duba tare ranar Asabar bayan la'asar in sha Allahu.