Kurakuran da ake yi wajen kunna wa mai ciwon mantuwa waƙa

Dattijon da ya manta sunan ɗansa na iya rera waƙar ƙuruciyarsa ba tare da ya tsallake baiti ba. Wani bincike da mujallar Brain ta buga a 2015 ya nuna cewa cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta ciwon mantuwa, ba ta saurin taɓa sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe waƙoƙin da mutum ya daɗe da sani. Dalili ke nan da masu jinya ke dogara da waƙa, sai dai yadda ake kunna ta yakan ɓata amfaninta.

Babban kuskure shi ne mai jinya ya zaɓi abin da shi yake so, ko ya ɗauka duk tsohuwar waƙa za ta yi. Abin da ya fi zama a zuciya shi ne wanda mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30. A lissafa daga shekarar haihuwarsa, a tambayi 'yan'uwansa da abokan tasowarsa, a kuma nemo ainihin muryar da ya sani, ba wadda wani ya sake rerawa daga baya ba. In har yana iya magana, shi za a fara tambaya tun yanzu, a rubuta labarin da ke tare da kowace waƙa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mayar da lokacin sauraren waƙar jarrabawa. "Baba, ka tuna wa ya rera wannan? A ina ka fara jinta?" Yana cikin kaɗa kai, yatsunsa na bin kiɗa a kan gwiwa, sai ka ga fuskarsa ta canza saboda an tuna masa abin da ya kasa. Ka riƙe hannunsa, ka bi amshin tare da shi. In labari zai zo, da kansa zai zo.

Barin rediyo na ta ƙara yini guda kuwa hayaniya ce, ga tallace-tallace da ke rikita shi. Minti 30 ya isa, a kashe talabijin, a rage sauti. Ya fi amfani a kunna kafin lokacin da ya saba rikicewa, kamar gab da wanka ko faɗuwar rana.

Kada a sa masa abin ji a kunne a fita. Wata waƙar takan tono masa makoki, ko rabuwa. Hawaye tare da natsuwa ba laifi ba ne, amma in ya murtuke, yana damƙe hannu ko neman tashi, a tsayar nan take, a cire ta daga jerin.

Masu zuba ido su ga mantuwar ta warke su ma sun yi kuskure. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya gano waƙa na rage alamun damuwa, amma bai ga wani tasirin kirki a kan kaifin tunani ba. Don haka kada a ajiye magungunan likita saboda ita.